Tambaya da Amsa: Ina Baƙo Zai Ci Abincin Gargajiya a Yankin Emiliya-Romanya na Italiya?

Wasiƙun wannan watan sun karkata ga ƙasar Italiya, kuma kusan dukkansu sun taru a kan yanki ɗaya na arewacin ƙasar, wato Emiliya-Romanya, wanda babban birninsa shi ne Bolonya. Na zaɓi guda biyar daga ciki, na taƙaita su, domin amsar ɗaya tana shiga cikin ta ɗaya.

TAMBAYA TA FARKO

Malam, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni ɗan kasuwar tayil ne a Kano, kuma a watan Satumba mai zuwa zan halarci baje kolin tayil na Cersaie a Bolonya, daga nan in wuce masana'antun Sassuolo. Zan yi kwana takwas. A tafiyata ta baya ban ci komai ba sai kebab da soyayyen dankali, har abokan cinikina suka yi mini dariya cewa na je bakin kogi na yi taimama. A ina zan ci abincinsu na asali? Daga wani Alhaji, Kano.

AMSA

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya kai ka lafiya. Abokan cinikinka ba su yi ƙarya ba, domin yankin da za ka shiga shi ne wanda Italiyawa da yawa suke ɗauka a matsayin kicin ɗin ƙasarsu, har ma sun yi wa Bolonya laƙabi da La Grassa, ma'ana mai ƙiba, saboda yawan cimarta da maiƙonta.

Abin da zai sauƙaƙa maka tafiyar shi ne tsarin garuruwan. Manyan biranen yankin suna jere ne a kan tsohuwar hanyar da Romawa suka shimfiɗa a shekara ta 187 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda ake kira Via Emilia, daga Rimini a bakin teku zuwa Piacenza, kuma layin dogo yana bin ta kafaɗa da kafaɗa. Daga Bolonya zuwa Modena bai kai rabin sa'a a jirgin ƙasa ba, zuwa Parma kuwa kimanin sa'a guda ne, saboda haka kana iya ajiye jakarka a masauki ɗaya ka riƙa cin abincin rana a wani gari, na dare a wani. Wannan yana da amfani ƙwarai, domin kowane gari da irin girkinsa, kuma mutumin Parma ba zai yarda cewa abin da ake ci a Bolonya nasa ne ba, kamar dai yadda Bakano da Basakkwace kowa yake da abin da yake taƙama da shi a akushi.

Sunayen da ke rubuce a ƙofar gidajen abinci su ne abu na farko da ya kamata ka koya. Ristorante shi ne babban gidan abinci mai farin mayafin tebur da tsadar da ta dace da shi. Trattoria gidan abinci ne na iyali, inda sau da yawa uwa ko kaka take kicin, ɗa ko jika yana kawo faranti, kuma a nan ne abincin gargajiya ya fi zama. Osteria asalinsa wurin shan giya ne da ake ɗan taɓa abinci, amma a yau galibinsu sun koma gidajen abinci irin trattoria, ko da yake akwai waɗanda suka riƙe tsohuwar ɗabi'ar, kamar Osteria del Sole a tsakiyar Bolonya, wanda ake ƙirga tarihinsa daga 1465 kuma har yanzu abin sha kawai yake sayarwa, don haka ba wurinka ba ne. Sai kuma agriturismo, gidan gona da ke karɓar baƙi a bayan gari, inda ake dafa abin da gonar ta fitar. Idan abokan hulɗarka na Sassuolo suka ce za su kai ka cin abinci a kan tsaunukan da ke kudu da garin, kada ka ƙi, domin a can za ka ga ainihin abin da mutanen wurin suke ci ranar Lahadi.

Alamomin gidan da ya kamata ka guje masa ba su da wuyar ganewa. Duk inda ka ga hotunan abinci manne a ƙofa, da takardar jerin abinci cikin harsuna biyar ko shida, da wani saurayi a bakin hanya yana kiranka ka shigo, to, an buɗe wurin ne domin 'yan yawon buɗe ido. Haka nan idan ka ga an rubuta spaghetti bolognese, ka ci gaba da tafiyarka, domin mutanen Bolonya ba sa zuba miyarsu ta nama a kan wannan siririyar taliya. Tasu ita ce tagliatelle, taliya mai faɗi da ake kwaɓawa da ƙwai, kuma sun ɗauki abin da muhimmanci har sun kai ma'auninta Cibiyar 'Yan Kasuwa ta birnin a 1972 aka rubuta cewa faɗinta bayan dahuwa milimita 8 ne. Gidan kirki kuwa za ka ga jerin abincinsa gajere ne, wani lokaci an rubuta shi da alli a allo, yana canzawa da yanayin shekara, kuma da ƙarfe ɗaya na rana za ka tarar da ma'aikata da tsofaffin unguwa sun cika kujeru suna magana da ƙarfi. Wasu gidajen suna manna hoton dodon koɗi a ƙofa, alamar ƙungiyar Slow Food da Carlo Petrini ya assasa a garin Bra cikin shekarun 1980 domin kare abincin gargajiya, kuma ni dai wannan alama ba ta cika ba ni kunya ba.

Lokaci ma yana da nasa hukuncin. Ana buɗe kicin don abincin rana daga misalin sha biyu da rabi zuwa biyu da rabi, sai a rufe, ba za a sake kunna wuta ba sai bakwai da rabi na yamma. Wanda ya fito daga baje koli da ƙarfe huɗu yana neman abinci mai zafi, kebab ɗin nan dai zai koma wa, kuma ina zargin abin da ya faru da kai ke nan a wancan karo. Kusan kowane gida yana da ranar hutu guda a mako, yawanci Lahadi da yamma ko Litinin, kuma a makon Cersaie birnin yana cika maƙil, don haka ka roƙi ma'aikacin masaukinka ya buga waya ya kama maka tebur tun da safe.

A cikin Bolonya, ka fara da tsohuwar kasuwar da ake kira Quadrilatero, 'yan taku kaɗan daga babban dandalin Piazza Maggiore, inda lunguna suke ɗauke da sunayen sana'o'in da aka yi a cikinsu tun zamanin da, akwai lungun masu kifi, akwai na maƙeran zinariya. Ka je ka gani, amma ka sani cewa farashin wurin ya hau. Mercato delle Erbe, kasuwa mai rufi da ke kan titin Ugo Bassi, ta fi kusa da rayuwar mutanen gari, kuma a gefenta akwai rumfunan da ake dafa kifi da taliya a ci nan take. A Modena kuwa akwai Mercato Albinelli, wadda aka buɗe a 1931, kuma da safe ta fi daɗin shiga. A ɗaya daga cikin shagunan taliya na Bolonya na taɓa tsayawa kusan rabin sa'a ina kallon wata dattijuwa, irin waɗanda suke kira sfoglina, tana murza kwaɓin fulawa da ƙwai da wata doguwar sanda da ta kusa kai mita guda. Tana turawa tana juyawa, tana naɗe kwaɓin a jikin sandar tana warwarewa, har ya zama faifai mai faɗin tebur, siriri ta yadda ana hango zanen katakon da ke ƙarƙashinsa, sannan ta naɗe shi kamar tabarma ta yanka da wuƙa, ta ɗaga zaren taliyar da yatsunta ta karkaɗe. Ba ta auna komai ba, ba ta kuma ɗago kai ta dube ni ba. Gidan abincin da yake sayen taliyarsa daga irin wannan hannu, ko yake da tasa sfoglina a ciki, shi kake nema, kuma sukan rubuta pasta fatta a mano, wato taliyar hannu.

Abin da za ka ci idan ka zauna kuwa yana cikin amsar da ke biye, domin tambayar Hajiya ta shafe ka kai tsaye.

TAMBAYA TA BIYU

Malam, Allah ya ƙara basira. 'Yata tana karatu a jami'ar Parma, kuma ina shirin kai mata ziyara. Ta gaya mini cewa garin ya shahara da naman alade, har ta ce ko burodi ba kowanne take saya ba. Shin Musulmi zai iya cin abincin gargajiyar wurin kuwa, ko dai in tafi da garin tuwona da kukata? Daga wata Hajiya, Damagaram.

AMSA

Hajiya, Allah ya raya ta, ya ba ta ilmi mai amfani. Ki tafi da kukarki domin 'yarki za ta yi murna da ita, amma abincin wurin ba zai gagare ki ba idan kika san inda tarkon yake. Gaskiyar 'yarki ce, girkin wannan yanki ya jingina da alade ƙwarai. Naman da ake gani a ido, irin su prosciutto na Parma, da mortadella ta Bolonya, da culatello, da salame, da pancetta, da cotechino, da zampone na Modena, ba shi ne matsalar ba, domin mutum yana ganinsa ya kauce. Matsalar ita ce kitsen alade da aka narkar, wanda suke kira strutto, domin yankin ba ƙasar zaitun ba ce sosai, kuma tun da can da wannan kitse da man shanu talakawansa suke girki.

Ni kaina na taɓa faɗawa. A wata trattoria da ke bayan garin Modena aka kawo mana kwando cike da wani soyayyen abu mai kusurwa huɗu, ya kumbura, yana tururi, kamanninsa sak da fanke mara sukari. Na ci guda biyu kafin na tambayi mai gidan da wane mai ake soya shi, sai ya amsa mini cikin alfahari cewa da strutto ne zalla, kamar yadda kakarsa take yi. Wannan shi ne gnocco fritto, wanda a Parma ake kira torta fritta, a Bolonya kuma crescentina. Mutumin bai yi niyyar cutar da ni ba, na ce masa ba na cin alade, shi kuma a fahimtarsa nama nake nufi, kitse bai shigo lissafinsa ba. Tun daga ranar nake rarraba tambayata gida uku.

Ki rubuta waɗannan kalmomi a takarda ki riƙe. Senza maiale, ba tare da alade ba. Senza strutto, ba tare da kitsen alade ba. Senza vino, ba tare da giyar inabi ba. Idan kina son tambaya ko akwai kitsen a cikin wani abu, sai ki nuna shi ki ce c'è lo strutto? Masu gidajen abinci a can sun saba da irin wannan tambaya, kuma trattoria ta fi babban gida sauƙi a nan, domin wanda ya dafa abincin yana bayan labule, ana iya kiransa ya faɗa da bakinsa.

Abubuwan da kitsen yake ɓuya a cikinsu sun haɗa da piadina, gurasar nan ta ɓangaren Romanya, wato gabashin yankin, wadda ake yi da strutto ko da man zaitun, sai ki nemi ta man zaitun, all'olio d'oliva. Akwai tigelle, ƙananan gurasa na tsaunukan Modena, da burodin garin Ferrara mai ƙahoni huɗu da ake kira coppia, da erbazzone na Reggio Emilia, wanda a ido ganye ne da cuku a cikin ɓawon fulawa amma bisa al'ada ana sa masa kitse. Tortellini, ƙananan ƙullin taliyar da Bolonya da Modena suke jayayya a kan wanda ya ƙirƙiro su, cikinsu naman alade ne kala uku. Ragù, miyar naman da ake zubawa a kan tagliatelle da lasagne, a yadda aka yi rajistarta a 1982 tana ɗauke da naman sa da pancetta da giya. Waɗannan duka ki bar su, kuma na san da zafi mutum ya je Bolonya ya bar abin da ta fi shahara da shi.

Abin da ya rage ba kaɗan ba ne, kuma a Parma ɗin da za ki sauka ne mafi daɗinsa yake. Ki nemi tortelli d'erbetta, taliya mai kusurwa huɗu da aka cusa wa farin cuku mai laushi da ake kira ricotta da wani ganye ɗan'uwan alayyafo, a dafa a tsamo, a kwarara mata narkakken man shanu, a barbaɗa cuku a kai. Mutanen Parma suna cewa dole ta nutse a man shanu, a tsane ta da cuku, kuma a daren 23 ga Yuni sukan fito da tebura waje su ci ta a unguwanni. A Bolonya 'yar'uwarta ita ce tortelloni, ki lura da bambancin harafi tsakaninta da tortellini, domin mai o ɗin ita ce babba mai cuku, mai i ɗin ita ce ƙarama mai alade, kuma wannan harafi ɗaya ya isa ya ɓata wa mutum rana. Ana kawo tortelloni da man shanu da wani ganye mai ƙamshi da ake kira salvia, sai ki ce burro e salvia. A lokacin kaka akwai masu cikin kabewa, tortelli di zucca, waɗanda a Ferrara ake kira cappellacci, masu ɗan zaƙi da ƙamshin gyaɗar ƙamshi. A Ferrara sukan zuba musu ragù, don haka ki faɗi tun farko cewa da man shanu kike so.

Haka kuma tsaunukan da ke kudu da Parma, wajen garin Borgotaro, sun shahara da wani irin naman kaza da ake tsinta a daji a ƙarshen bazararsu da kaka, kuma tagliatelle da aka haɗa da shi tana cikin abinci mafi daɗi da na ci a yankin. Sunansa porcini, kalmar da ke nufin 'yan aladu, kuma na ga Musulmin da ya ture faranti saboda sunan. Babu alade a cikinsa, kamar yadda babu kaza a cikin naman kaza da muke faɗa. Sai dai ki tambaya ko an yayyafa masa farar giya wajen suya, domin wasu masu girki suna yi, kuma risotto, shinkafarsu mai danƙo, kusan kullum da giya ake fara ta sai an roƙa a bari.

Abu biyu na ƙarshe game da Parma. Suna cin naman doki, har da ɗanye da aka niƙa, kuma kalmar da za ki gani ita ce cavallo. A kayan zaƙi kuwa, zuppa inglese ana jiƙa ta da wata jar barasa, tiramisù ma wasu suna sa masa, haka askirim mai suna zabaione ko malaga. Idan kina son dafa nama a gida, 'yarki ta san mahautan Musulmi da ke garin, kuma a Bolonya unguwar Bolognina da ke bayan tashar jirgin ƙasa cike take da su.

TAMBAYA TA UKU

Malam, cukun nan da ake kira Parmigiano da ruwan tsamin Modena, ya halatta a ci su? An ce mini na biyun daga inabi ake yin sa. Daga wani ɗalibi, Zariya.

AMSA

Ɗana, ni ba mai ba da fatawa ba ne, amma zan gaya maka yadda ake yin su domin ka kai wa malaminka tambaya cikakkiya. Parmigiano Reggiano abu uku ne kawai a cikinsa, madarar shanu, da gishiri, da sinadarin daskarar da madara da ake samu daga tumbin ɗan maraƙi. Inda Fulaninmu suke amfani da tumfafiya wajen daskarar da madara, su ƙa'idar wannan cuku ta wajabta na ɗan maraƙi. Ana zuba kimanin lita 550 na madara kafin a sami dunƙule ɗaya mai nauyin kilo 40, kuma ba a ba shi sunan sai ya yi aƙalla wata 12 a ajiye. Saɓanin malamai a kan sinadarin nan yake, idan ba a yanka dabbar bisa shari'a ba. An ruwaito daga Imam Abu Hanifa cewa mai tsarki ne, abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya da Shafi'iyya kuwa shi ne akasin haka. Wanda ya ɗauki ra'ayi mai tsauri ya sani cewa cukun yana cikin tortelli da tortelloni da na yaba a sama, don haka sai ya koma ga kifi da taliya mai tumatir ko naman kaza, ya ce kada a barbaɗa masa cuku, a kanti kuma ya nemi cukun da aka rubuta caglio vegetale ko caglio microbico a jikinsa.

Ruwan tsamin, wanda malamai suke kira khal, iri biyu ne. Na gargajiya, mai kalmar tradizionale a sunansa, ana dafa ruwan inabi ne har ya yi kauri, a zuba shi a jerin gangunan katako da ake ajiyewa a saman gida, a riƙa juye shi daga babbar ganga zuwa ƙarama shekara bayan shekara, aƙalla shekara 12, mafi tsufan kuma 25, sannan a sayar da shi a 'yar kwalba mai mililita 100 da tsada mai yawa. Ɗigo biyu ko uku ake sawa. Na kasuwa mai araha kuwa haɗi ne na dafaffen ruwan inabi da khal ɗin da aka samu daga giyar inabi. Malamai sun yi magana mai faɗi a kan giyar da ta rikiɗe ta zama khal, kuma wannan bayanin ya isa malaminka ya ba ka amsa. Gidajen da ake yin sa a kewayen Modena, waɗanda ake kira acetaia, da yawansu suna karɓar baƙi idan an sanar da su.

TAMBAYA TA HUƊU

Malam, ni da maigidana za mu sami kwana ɗaya tak na hutu a yankin. Ba ma son dogon bincike a kan abin da ke cikin faranti. Ina za mu nufa? Daga wata mai karatu, Kumasi.

AMSA

Malama, ku nufi teku. Gabashin yankin yana kan tekun Adiriyatik, kuma a can girkin ya sauya gaba ɗaya, man zaitun ya fi yawa, kifi ya maye gurbin nama, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a cikin teku halal ne. Da ni ne, Cesenatico zan je, ƙaramin garin masunta da ke tsakanin Rimini da Ravenna, wanda mashigin ruwa ya ratsa tsakiyarsa. Shahararren mai zanen nan na Italiya, Leonardo da Vinci, ya zo ya auna wannan mashigi a 1502, kuma a yau tsofaffin kwale-kwale masu filafilai kala-kala suna tsaye a cikinsa, gidajen abinci suna jere a gefe biyu. Ku bar na farko-farkon da ke bakin gada, ku shiga lungunan da ke bayan kasuwar kifi.

Ku nemi sardoncini, ƙananan kifaye da ake barbaɗa wa garin burodi a gasa a kan gawayi, ana ci da hannu da zafinsu, tare da piadina ta man zaitun da ɗanyen ganye da albasa. Akwai spiedini, tsiren jatan lande da sauran halittun ruwa, wanda zai tuna muku da tukuba. Akwai brodetto, farfesun kifi iri-iri cikin tumatir, wanda asalinsa abincin masunta ne da suke haɗawa da kifin da bai sayu ba. Tambaya ɗaya ce ta rage muku, ta giya, domin brodetto da taliyar kayan teku sukan sami ɗan yayyafin farar giya, sai ku ce senza vino tun kafin a ɗora. Soyayyen kifin, fritto misto, a bakin teku da man girki ake soya shi, amma tambaya ba ta rage komai.

Idan tafiyarku ta faɗo a ƙarshen Satumba ko Oktoba, akwai Comacchio a arewa, gari mai gadoji da magudanan ruwa kusa da inda kogin Po yake shiga teku. Sana'arsu ita ce wani dogon kifi mai siffar maciji da suke kira anguilla, suna gasa shi a tsire, suna kuma jiƙa shi a khal su adana a gwangwani, kuma a wannan lokaci suke yi masa bikin shekara. Irin wannan biki na abinci ɗaya ana kiransa sagra, kuma ƙauyuka da yawa suna da nasu, matan gari ne suke girki a manyan tukwane, a zauna a dogayen bencina, farashin kuma ya fi na gidan abinci sauƙi. Kifin yana da maiƙo sosai, kuma ba kowa ne zai iya kallon siffarsa ba, ni ma sai a karo na biyu na iya.

TAMBAYA TA BIYAR

Malam, wani ɗan'uwana ya ce an cuce shi a Italiya, an ƙara masa kuɗin da bai ci komai a kansu ba. Haka suke yi wa baƙi? Daga wani mai karatu, Maraɗi.

AMSA

Malam, ina kyautata zaton abin da ɗan'uwanka ya gani a rasit shi ne coperto, kuɗin zama a tebur da burodin da aka ajiye, yawanci yuro 2 ko 3 a kan kowane mutum. Ɗan gari ma yana biya, kuma ana rubuta shi a takardar jerin abinci, sau da yawa da ƙananan haruffa a ƙasa. Ruwan sha ma na kwalba ake kawowa a biya, za a tambaye ka naturale ko frizzante, wato mara gas ko mai gas. Inda baƙo ya fi ƙonewa shi ne wajen kifi, domin wasu gidajen suna rubuta farashin gram 100 ne, da kalmar etto ko harufan hg a gefe, mutum ya ɗauka kuɗin kifin gaba ɗaya ke nan, sai an kawo lissafi ya ga an ninka sau shida ko bakwai. Ka ce a auna kifin a gaya maka kuɗinsa kafin a dafa.

Ba dole ba ne ka ci duk matakan abincin, daga antipasto, wato abin buɗe ciki, zuwa primo, farantin taliya ko shinkafa, da secondo, na nama ko kifi, da kayan zaƙi. Farantin taliya ɗaya da ganye a gefe ya wadatar, babu wanda zai harare ka. Ba a wajabta ba da tukuici ba, wanda ya ji daɗi yakan bar yuro ɗaya ko biyu. Kofi kuwa idan ka sha a tsaye a gaban kanta ya fi araha a kan wanda aka kawo maka tebur. Kuma ba za a kawo maka lissafi ba sai ka nema, domin a wurinsu rashin ladabi ne a nuna wa baƙo ƙofa, don haka idan ka gama sai ka ɗaga hannu ka ce il conto, per favore, in ba haka ba za ka zauna har jirginka ya tashi.